Ba Sai Da Ciki Ba: Labarin Wata Likitar Mata

Duk inda aka gabatar da ni aka ce likitar mata ce, abin da ke biyo baya shi ne, "Allah sarki, masu karɓar haihuwa, Allah ya biya ku." Nakan amsa da amin, don kuwa na karɓi haihuwa har na daina lissafi, kuma cikin waɗanda na karɓa da hannuna akwai waɗanda suka girma suka dawo min da nasu cikin. Sai dai haihuwa kashi ɗaya ce a aikin. Mace tana tare da mahaifarta tun kafin a ɗaura mata aure, tana kuma tare da ita bayan ta aurar da autarta, amma a ƙasarmu tsakiyar nan kaɗai ake gani. In da ciki, a nemo mota, a sayar da akuya, a tashi maƙwabta cikin dare. In babu ciki, sai "ki yi haƙuri, haka mata suke." Yanzu da na ajiye aikin gwamnati na samu sararin zama, shi ne na ce bari in rubuta abin da idona ya gani, ko wata za ta karanta wa mahaifiyarta.

An haife ni a wani gari gabas da Kano, wanda tun 1991 ya koma cikin Jigawa. Kakata ta wajen uwa ita ce ungozomar unguwarmu. Yaran yanzu suna zaton ungozomar da zama take yi a kan mai naƙuda. Ina! Mace ita kaɗai take durƙusawa a ɗakinta ta cije leɓe, don in aka ji kukanta abin gori ne har jikokinta. Sai jariri ya faɗo ake aika yaro ya kira Kaka, ta zo ta yanke cibi da reza, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta ɗora ruwan wanka. Ni ce mai riƙe mata ƙwarya. Ranar da abu ya ƙi, naƙuda ta kwana ta wuni ba labari, sai rubutu da hayaƙi da jiƙe-jiƙe, wani lokaci a kira wanzami ya yi yankan gishiri. 'Yar baffana da muka yi wasan ƙasa tare, haka aka yi da ita. Ɗan ya zo ba rai, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Mijin bai furta saki ba, cewa ya yi ta je gida ta warke, bai kuma sake waiwayarta ba. Mahaifina malamin firamare ne, shi ya tsaya kai da fata sai na yi karatu, dangi suna ta cewa zai bar ni in tsofe a gabansa.

Na shiga Jami'ar Ahmadu Bello a farkon shekarun 1980, lokacin asibitin koyarwa yana Tudun Wada, ba a koma Shika ba. A Zariyar nan ne Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti a jere tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985. Abin da binciken ya nuna duk tsohuwar garinmu ta san shi, ƙirgawa ce dai ba a taɓa yi ba. Wadda ba ta taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya lalace aka kwaso ta, ita ta fi mutuwa. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba da matar da ta yi haihuwa da yawa su suka fi shiga haɗari. Wadda ta yi makaranta kuwa ta fi tsira, ita da ɗanta. A can kuma na fara ganin masu jego da ciwon zuciya, ƙafa ta kumbura, numfashi sama-sama, ba sa iya kwanciya sai a jingine. Ka tambaya ka ji kunun kanwa safe da yamma, wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi. Kanwa tana tara ruwa a jiki, zafin kuma yana ƙara wa zuciya aiki, ga ta dama ta gaji da ɗawainiyar ciki. Da hutu na je gida na faɗa wa Kaka. Ta dube ni ta ce, "Uwarki ma haka na yi mata, ga ki nan kina min turanci."

Bari in fara da 'yan mata, tunda su ne ba a kawowa sai ta ɓaci.

Ina aiki a babban asibitin wata ƙaramar hukuma aka shigo min da wata yarinya da ba za ta wuce shekara 14 ba, uwar a gaba, uban a baya yana huci. Mararta ta taso. A bayanta da cinyoyinta ga shatar bulala nan ruɗu-ruɗu. Uban ko zama bai yi ba ya ce, "Likita, auna ta ki gaya min wata nawa ne, sauran na san abin yi." Na ce, "Malam, ku ɗan jira mu a waje." Da ƙyar ya fita. Na tambayi yarinyar yaushe rabonta da al'ada, ta sunkuyar da kai. Uwar ce ta ce ai ba ta fara ba. To ciwon fa? Ta ce duk wata sai ta yi kwanaki tana murƙususu, an doshi shekara, ana ba ta jiƙon saiwa. Ina dubawa na ga abin da nake zato. Fatar budurcinta a rufe take ruf babu ƙofa, ta kumburo ta yi shuɗi-shuɗi. Al'ada ta daɗe da farawa, jinin ne bai samu hanyar fita ba, ya yi ta taruwa wata bayan wata. Halitta ce, haka aka haife ta. Aikin bai kai rabin awa ba. Muna tsagawa jini ya yi ta malalowa, baƙi mai kauri kamar narkakkiyar kwalta, har ya kusa cika kwano. Na sa aka kira uban na nuna masa na ce, "Malam, ga cikin da kuka daki 'yarku a kansa." Ya tsuguna a bakin ƙofa ya rufe fuska da hularsa. Ban tausaya masa ba. Washegari ya turo uwar ta tambaye ni ko aikin zai hana ta samun miji. Ko ciwon ya lafa, bai tambaya ba.

Da a ce wajen wanzami aka kai ta, zai yanka a makance da askar da ya yi wa wani ƙaho da safe, kuma mafitsara da dubura duk a kusa suke. Na ga waɗanda aka yi wa haka.

Sauran 'yan matan da nake gani nasu bai kai wannan ba, amma yana cin su. Mai ciwon mara da ke hana ta zuwa makaranta duk wata ana ce mata in ta yi aure zai daina. Mai zubar jini da yawa har idonta ya yi fari tas, uwar ba ta sani ba don yarinyar tana wanke tsummanta cikin dare. Galibinsu maganin da suke buƙata ba shi da tsada. Abin da ya yi wuya shi ne a samu wadda za su faɗa wa.

Amare kuwa maganarsu ɗaya ce, sanyi. Kowane irin ruwa mace ta gani sai ta ce sanyi ne, ta tafi kemis a haɗa mata ƙwayoyi kala-kala da allurai. Da yawa lafiyarsu ƙalau, farin ruwan da ba ya wari ba ya ƙaiƙayi kowace mace mai lafiya tana ganinsa, yana ƙaruwa a tsakiyar wata lokacin fitar ƙwai. Magungunan da suke ɗirka da wanke-wanken da suke yi da sabulu su ke kashe ƙwayoyin halittar da ke tsaron wurin, sai ƙaiƙayin gaske ya samu ƙofa. Ga kuma kayan mata. Wanda ake sha ba ni da ta cewa a kansa sosai, tsumi da gumba abinci ne. Na matsawa ne ke tayar min da hankali. Na ciro ƙulle-ƙullen ganye, na ga wurin da kanwa da alimun suka ƙone har ya warke ya haɗe, sai da muka shiga tiyata muka buɗe. Duk don kada kishiya ta fi ta. Wanda yake ciwon gaske ne, irin wanda ake ɗauka ta kwanciya, ba ya warkewa in mace kaɗai ta sha magani. In maigida yana da mata uku, mutum huɗu ne za su sha, a lokaci guda. Faɗar wannan a gaban Alhaji sai an zaɓi kalmomi.

Shi ma rashin haihuwa mace ake turowa ita kaɗai, ko ita da uwar miji. Ana iya samun matsalar a wajenta, musamman toshewar bututun ƙwai bayan ciwon da ya biyo haihuwa ko ɓari ba a kula da shi ba. Amma sau da yawa matsalar tana wajen namiji, ko su duka biyun, kuma gwajinsa ya fi nata sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Dokata ita ce ba na tura mace hoton bututun mahaifa, mai zafi da tsada, sai na ga sakamakon maniyyin mijinta. Wani ya ce min, "Hajiya, ni fa ina da 'ya'ya biyar a ɗakin uwargida." Na ce, "Masha Allah. Autan shekararsa nawa?" Ya ce 12. Na ce, "To Alhaji, a shekara 12 ɗin nan ita ma uwargidan ba ta sake ba, amarya ma shiru. Ba ku ganin ya kamata mu duba wanda ya haɗa su?" Ya yi shiru, can ya yi dariya ya karɓi takardar. Ba duka ke karɓa ba.

Abin da ya fi min nauyin faɗa a aikin nan shi ne maganar kwantaccen ciki. Mace ta zo ta ce cikinta ya kwanta shekara uku, tana jin motsinsa, a tayar mata da shi. Ka ɗora na'urar hoto ka ga ƙari ne a mahaifa, ko ka ga babu komai. Ƙarin mahaifa ya yi yawa a matanmu baƙaƙe, ba daji ba ne, wani ba ya ma buƙatar a taɓa shi, wani kuwa yana sa zubar jini sai an cire. Cirewar ba ta ba ni tsoro. Amma matar nan cikin da take cewa ya kwanta shi ke riƙe da ita a gidan miji, shi ke rufe bakin dangi. In na ce mata babu shi na zare mata abin da ta jingina da shi. Shi ya sa ba na faɗa a tsaye, kuma ba na faɗa a gaban 'yar rakiya.

Ɗakin haihuwa kowa ya san labarinsa, ba zan daɗe a ciki ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce a duk haihuwa 100,000 mata 512 ke rasa rai a Najeriya, kuma mu da muka yi aiki a Arewa mun san kaso mafi tsoka namu ne. Abin da ke kashe su ba ɓoyayye ba ne. Jini ne, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da ciwon da ke biyo bayan haihuwa ko zubar da ciki.

Jijjiga dai a zamanina na ga sauyinta. Za a kawo yarinya mai cikin fari a bayan a-kori-kura, ta tauna harshe, fuska ta kumbura, an shafe ta da tafarnuwa da hayaƙin turaren aljanu. Hawan jinin ciki ne, kuma yakan yi gargaɗi kafin ya kayar da ita: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a ƙahon zuciya, kumburin fuska da hannu. Da can allurar barci muke yi musu, uwa ta yi ta barci, jariri ya fito a galabaice, jijjigar kuma ta dawo. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama a shekarun 1990, da wani babba da aka kammala a 2002 a kan mata kusan 10,000, su suka tabbatar da cewa maganisiyam salfet ya fi, yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Magani ne mai araha ƙwarai. Duk da haka sai da aka ɗauki shekaru kafin ya zauna a ƙananan asibitocinmu, don ma'aikata suna tsoronsa. Na sha zagaye asibitocin karkara ina koya wa ungozomomi yadda za su yi allurar farko kafin su sa mace a mota.

Jini shi ba ya jira. Mace mai lafiya za ta iya tafiya cikin awa biyu bayan ta haihu in mahaifa ta ƙi tsukewa. Muna da oksitosin, maganin allura mai tsuke mahaifa, amma yana son sanyi, in ya kwana a zafi a shagon da ba wuta sai ya rage ƙarfi. Muna da misoforostol da ake sawa a ƙarƙashin harshe. Babbar matsalar ita ce ido yana ƙarya, jinin da ya jiƙa zannuwa sai a ce ai kaɗan ne. A 2023 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mai haihuwa ta tara jinin a gani da lamba, da ya kai iyaka sai a haɗa matakan tsayar da shi duka a lokaci ɗaya. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Da na karanta sai da na yi zaune ina tuna fuskoki.

Amma duk maganin duniya ba ya aiki a kan wadda ba ta iso ba. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ni kuwa abin da na gani shi ne kuɗin mota da izinin fita da sa hannun tiyata duk a hannun namiji suke. Na tsaya da safar hannu a hannuna, mace tana zubar da jini, ana cewa maigidan ya tafi cin rani, ƙaninsa kuma ya ce shi ba zai sa hannu a yanka matar wansa ba. Na ga dangi sun cika baranda, ana cewa a ba da jini sai kowa ya tuna bai yi sallah ba. Na kuma ga mai acaɓa da bai san matar ba ya naɗe hannun riga ya bayar. Na yi tiyata da fitilar waya a hannun ma'aikaciyar jinya don man janareta ya ƙare. Yaron da na ciro a tiyatar nan yanzu ya isa aure.

'Yar baffana kuwa, sai bayan na zama likita na kai ta Babbar Ruga a Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk, mutumin Holan da ya zo aikin kuturta, ya koma ɗinkin yoyon fitsari tun a shekarun 1980, ya kuma koyar da likitoci masu yawa. An ɗinke ta ta bushe. Shekarun da ta yi a ɗakin bayan gida tana tafe da tsumma dai ba mai mayar mata. Ciwon ba asiri ba ne ba kuma alhaki ba. Kan jariri ne ke danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu na tsawon lokaci, naman wurin ya mutu ya ɓule. In aka gane da wuri aka sa robar fitsari ta yi makonni, wani ramin yana rufewa da kansa ba tare da ɗinki ba.

Akwai kuma masu wabi, na farko ya rayu, na baya su yi ta zuwa da shawara mai tsanani ko su mutu a ciki. Wasu daga cikinsu rukunin jininsu ne mai alamar negatif, na mijin fozitif. Allura guda cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari tana kare na gaba. An huda kunnen yara da yawa an sa musu sunayen wabi saboda rashin gwajin da ake yi a awon farko.

Tazarar haihuwa ba na jayayya da kowa a kanta. Nakan ce wa maigida, "Malam, Alƙur'ani ya ce shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ya so cikawa. Ku kuka fi ni sani. Ita wannan goyonta wata biyar ga wani cikin, jininta ya yi ƙasa, wa zai riƙe muku tara ɗin da ke gida?" Iyayenmu suna gudun kwanika, mace takan tafi gida goyo ta daɗe. Yanzu an bar wancan ba a kama wani ba. Wata ta zaɓi allurar wata uku, wata ashanar hannu, wata robar mahaifa, kuma kowanne sai na faɗa mata gaskiyar abin da zai iya yi wa al'adarta, don in ba ka faɗa ba ranar da ta ga ɗigon jini unguwa gaba ɗaya za ta ji cewa maganin asibiti ya lalata ta.

To, sai tsofaffi. Su ne dalilin wannan rubutu.

Mace in al'ada ta ɗauke mata, galibi wajen shekara 45 zuwa 55, sai a ɗauka ta gama da likitan mata. Ita ma haka take ɗauka. Zafin da ke taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare, rashin barci, saurin fushi, bushewar gaba da ke sa ta gudun shimfiɗar miji, duk sai a ce iska ce ko sammun kishiya. Wata ta gama zaga masu ruƙiyya kafin ta iso wajena. Bayani na minti goma yakan sauke mata rabin nauyin, don dama tsoronta shi ne ko hauka take shirin yi.

Wata dattijuwa ba na manta ta. Ta haura 60, al'ada ta ɗauke mata tun da daɗewa, sai ta fara ganin jini jefi-jefi. Ita abin da ya dame ta sallah ce. Haila ce ta dawo ta ajiye sallah, ko jinin ciwo ne ta yi alwala ta ci gaba? Ta yi wata da watanni tana wannan lissafi ita kaɗai, don ba za ta iya faɗa wa 'ya'yanta maza ba, surukai kuma ai da kunya. Daga ƙarshe ta kai tambayar wajen malamar Islamiyyarsu. Allah ya saka wa malamar nan da alheri, ta ba ta hukuncin, sannan ta ce, "Inna, amma jini bayan tsayawar al'ada na asibiti ne, gobe ni zan raka ku." Da suka shigo, ƙamshin turaren wuta da humra ya cika ofishin, a ƙarƙashinsa kuma ga wani wari da duk likitan mata ya sani. Ta zuba turaren ne don kada jikokinta su ji. Na ce, "Inna, ku hau gadon nan in duba ku." Ta ce, "'Yar nan, ni da na haifi goma sha ɗaya a ɗakina ba wanda ya taɓa ganina, sai yanzu?" Malamar ce ta lallashe ta. Sankarar bakin mahaifa ce, ta riga ta kama gefen ƙugu, ta wuce tiyata. Sai gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, na'urorin gashin kuma 'yan kaɗan ne a ƙasar, a yi doguwar tafiya a bi layi a kashe kuɗi. 'Ya'yanta sun yi ƙoƙari, har gona suka sayar. Babban ya ce min, "Likita, wallahi da ta faɗa mana." Na ce, "Ku kun taɓa tambayarta?" Ba ta kai azumi na biyu ba.

Abin da ke ci min rai shi ne wannan ciwo yana ba da lokaci. Ƙwayar cutar HPV ce ke jawo shi, ana ɗaukarta ta kwanciyar aure, yawancin mata jikinsu yana kawar da ita, a wasu kuma takan zauna shekara 10 zuwa 20 tana sauya fatar bakin mahaifa kafin ta zama daji. A tsawon shekarun nan ana iya ganin alamar da ido. Ruwan binega ake shafawa, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a ƙona shi a take mace ta koma gida da ƙafarta. Duk da haka ƙiyasin 2020 ya nuna mata kusan 12,000 suka kamu a Najeriya a shekarar, kusan 8,000 suka rasu, kuma bayan sankarar mama shi ne na biyu a matanmu. A watan Oktoban 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinsa, allura guda, kyauta. Nan take aka fara yawo da saƙon murya a WhatsApp wai na hana haihuwa ne. Na kai jikokina mata da kaina aka yi musu a gaban matan layinmu.

Ba duka labarin tsofaffi ne mai ɗaci ba. Akwai masu zazzagowar mahaifa, wadda yawan haihuwa da yunƙuri da ɗaukar kaya suka sassauta mata jijiyoyi har abu ya leƙo waje. Wata ta shekara da shekaru tana tura shi da hannu tana ɗaure da ƙyalle, ba ta zama a taron biki, ba ta iya fitsari sai ta mayar da shi. Wadda za ta iya ɗaukar tiyata mu yi mata. Wadda ba za ta iya ba akwai zoben roba da ake sa mata ya tallafe mahaifar, ta riƙa zuwa ana wankewa ana mayarwa. Wata gwaggo da na sa wa, da ta sauko daga gado ta taka ta ji ba komai tsakanin ƙafafunta, sai ta rangaɗa guɗa a cikin ofis har ma'aikata suka rugo. Bayan mako biyu ta dawo da ƙawayenta uku, kowacce da irin nata, ashe duk sun san na juna, likita ce kawai ba su san tana da abin yi a kai ba.

Tun daga kan gwaggon nan na sauya yadda nake zaman asibiti. Mai ciki ba ta zuwa awo ita kaɗai, kusan kullum da uwa ko uwar miji a bayanta riƙe da jaka da kati. Da na gama da mai cikin sai in juya in ce, "Inna, ku fa? Yaushe rabon da a duba ku?" Sai ta yi dariya ta ce ita ai rakiya ta yo. In ce, "Na sani. Jini fa, kuna gani? Fitsari yana kufce muku in kun yi tari? Akwai abin da ke saukowa? Nono fa, babu ƙullutu?" In mai cikin suruka ce sai in tura ta karɓo magani tukuna, don ba za a amsa a gabanta ba. Wasu su ce lafiya lau su miƙe. Wasu su ce sai sun shawarci ɗansu. Da yawa kuwa sai su waiga su ga an rufe ƙofa, su gyara zama su ce, "To, tunda kin tambaya." Yanzu a ɗan asibitin da nake taimakawa na roƙi a ware rana guda a mako ta gwajin bakin mahaifa, na kuma sa an daidaita ta da ranar awo, don mota ɗaya ta kawo su duka.